Maginin da Ya Ji Tsoron Sunkuyawa

Ka ce ciwon baya ya hana ka komawa bakin aikinka, har mutane sun fara yi maka kallon malalaci. Ni ban ƙaryata ka ba. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani magini, gwanin ginin ƙasa, wanda in ya jera tubali sai ka rantse da igiya aka ja. Wata rana yana yaɓen soro tsani ya zame, ya faɗo ta baya. Maɗori ya yi aikinsa, aka je asibiti aka ɗauki hoto, suka ce ƙashi ya haɗe. Amma ciwo bai tafi ba. Yana nan a ƙugu kamar an ɗaura masa dutse, da ya sunkuya sai ya soke shi. Sai ya daina sunkuyawa. Matarsa, don tausayi, ko buta ba ta bari ya ɗauka. Masu dubiya kuwa kowa da labarinsa na wani da ya yi gaggawar tashi jikinsa ya shanye. Damina ta wuce, rani ya shigo, yana kwance a kan tabarma, ba abin da yake saurare sai bayansa. Ƙafafunsa suka rame, abinci ya fita ransa, hatsin rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya fi yi masa zafi shi ne in ya ji magina sun wuce ta bayan gida da sassafe suna raha. Sai ya juya fuska ga bango, ya ce in sun yi sallama a ce yana barci.

Akwai wani dattijo da suka daɗe suna aiki tare, wanda shi ma ya taɓa karyewa. Ya zo ya zauna. Bai ce masa tashi ba, bai kuma ce ciwon ba komai ba ne. Cewa ya yi, "Ina da aikin katanga, idona ya yi rauni. Ara mini naka, kana zaune a inuwa." Don kunya ya je. Yana zaune ya hangi wani tubali ya karkace. Ya yi magana, aka gyara ba daidai ba. Ya sake magana, aka ƙara ɓatawa. Bai san lokacin da ya miƙe ya sunkuya ya daidaita shi da hannunsa ba. Washegari ciwon bayan ya tashi sosai, ya kwanta yana hawaye, yana cewa ya kashe kansa da kansa. Dattijon ya raka shi asibiti aka sake dubawa, ba abin da ya goce. A hanyar dawowa ya ce masa, "Gidan da ɓarawo ya taɓa shiga, karensa ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Haka jikinka yake. Gobe ka zo ka ɗora kaɗan, ka tsaya tun ba ka gaji ba." Haka ya riƙa yi. Yau ya jera layi guda, jibi ya kwaɓa laka, wata rana ciwo ya kayar da shi ya huta, ya kuma dawo. Ciwon bai rabu da shi duka ba har ya tsufa, bai kuma ƙara hawa ƙololuwar soro ba. Amma kafin ruwa ya sauko ya yi wa wani ango ɗaki tun daga tushe, ya shigo gida da laka har gwiwa, ya ce wa matarsa yunwa yake ji. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta ruga ta hura wuta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.