Jakar Ƙanwarsa

"Ɓarawo!" aka kwarma, titin ƙofar kwaleji ya hautsine. Mai tsire ya hango wani saurayi yana ratsa ɗalibai a guje, rungume da jakar mata. Bai yi wata-wata ba ya tura masa benci. Saurayin ya kifa, jama'a suka rufe shi, wani har ya ɗauko bulo.

"Don Allah ku kai mata, sannan ku dake ni," in ji saurayin, baki yana jini. "Ƙanwata ce, tana gaban shagon hoto, numfashinta ya sarƙe!"

Mai tsire ya zazzage jakar: carbi, biro, sai maganin shaƙa na masu asma.

Ya bar tsirensa a wuta, ya damƙe maganin ya kwasa a guje, jama'a suna dare masa.