Foldar Da Ta Riƙe Sunan Mai Ita

"Hotunanki ba su ɓata ba, Hajiya," in ji Dzarma, mai gyaran kwamfuta a Moduganari. "Inda take ajiye su ne ba ki sani ba."

Falmata ta matso da kujerarta. Mijinta Mikail ne ya ba ta kwamfutar, ya ce sabuwa ce dal daga kwali. Yana can bakin ƙofa yana waya.

"Kamar gida take," Dzarma ya ce yana nuna mata. "Wannan foldar ta manhajoji ce. Wannan ta kwamfutar ce da kanta, kada ki taɓa. Wannan kuwa ta mutane ce, kowa da ɗakinsa da sunansa."

"To ina nawa ɗakin?"

Dzarma ya sake duba allon. "Babu. Sunan da ke fitowa idan an kunna kawai aka mayar naki. Ita folda ba ta bin wannan, sunan mai ita na farko take riƙewa. Wane ne Ba'ana Kolo?"

Falmata ta ƙura wa sunan ido. Ba'ana ƙanenta ne. Bara ya bar gidansu na unguwar Umarari da jakar kwamfutarsa, har yau ko takalminsa ba a gani ba. Mikail ya rantse bai gan shi ba ranar, kuma ya fi kowa kuka.

Hannu ya sauka a kafaɗarta, ya matse.

"Taso mu tafi gida," in ji Mikail, idonsa na kan sunan. Sai ya dubi Dzarma da murmushi. "Malam, ƙarfe nawa kake rufe shago?"