Kuɗin Akuyar Gwaggo Asabe

Tun da sabuwar doka ta zo, kujerar kowane ɗan majalisa kan jiyar da shi muryoyin waɗanda suka ba shi kuɗin kamfe. Ta Honarabul Sallau takan fara da 'yan kwangila, ta ƙare da gwaggonsa Asabe, wadda ta sayar da akuyarta: "Ungo, ɗana. A yi mana gada."

Bara ruwa ya ci ta wajen ƙetare kogin garinsu.

Yau Sallau ya ja akawun majalisa gefe. "Malam Ɗayyabu, a cire muryar nan mana. Ai ta rasu."

"Ranka ya daɗe, ko dai a yi gadar, ko ka mayar mata da kuɗinta hannu da hannu."

Sallau ya koma ya zauna a hankali.

"Ungo, ɗana," in ji kujerar.