Tsohuwar da Ba Ta da Kowa

Kafin ya shiga ɗakin marasa lafiya, Mai Tausayi ya tsaya a bakin ƙofa ya goge gilashin wayarsa da gefen riga, ya kuma gyara fuska ta koma ta jimami. Ya iya wannan fuskar sosai, don da ita yake ci.

Sana'arsa ke nan. Yana bin asibitoci yana nemo waɗanda 'yan'uwa suka watsar, ya haska su kai-tsaye a intanet, mabiyansa dubun dubata su yi ta zuba addu'a da hoton hawaye. Kwanan nan kuwa kasuwar ta yi sanyi. Wani sabon shiga ya fi shi iya kuka, jama'a sun fara komawa can, kamfanin da ke ba shi talla ma ya fara ja da baya. Yau yana bukatar abin da zai girgiza mutane, ko kuma a manta da shi.

Yana da ƙa'ida ɗaya da yake taƙama da ita. Manhajarsa na dusashe fuskar majinyaci da kanta, shi kuma ta allo kaɗai yake kallon mutane. A gaban mabiya yana kiran wannan mutunta ɗan Adam. Gaskiyar ita ce idan ya kalli fuskokin da idonsa ba ya iya cin abinci.

Sistar ɗakin, wata doguwa da gajiya ta cinye wa fara'a, ta kai shi gado na ƙarshe kusa da taga. Ta ce wata tsohuwa ce mota ta buge a bakin tasha, daga saukowarta, da alama baƙuwa ce. Tun da aka kawo ta babu wanda ya leƙo.

“Kafin ta fita hayyacinta ta karanto mana lamba ɗaya, ta ɗanta,” in ji sistar. “Mun kira da wayar asibiti har mun gaji. Ta ce wai sananne ne, kowa ya san shi.”

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Kowace uwa haka take cewa. Shi kansa ba ya ɗaga baƙuwar lamba, don masu roƙo sun ishe shi, amma bai ga alaƙar wannan da wancan ba.

Ya kunna kyamara. A allo fuskar ta zama gajimare fari, sai robar numfashi da bandeji. Ya gangaro da kyamara kan hannunta, busasshe, jijiyoyi a waje, don ya san hannun tsohuwa na jawo mutane fiye da komai. Masu kallo suka fara shigowa kamar ƙudaje.

“Jama'a, ku dubi wannan baiwar Allah,” ya ce, muryarsa na rawa daidai gwargwado. “Ta haifa, ta raina, yau ga ta kamar wadda ta faɗo daga sama.”

Yatsun tsohuwar suka motsa. Sistar ta matso da sauri, don tun ranar farko tsohuwar ko gezau ba ta yi ba. Ya ci gaba da magana, hannun ya ɗago kaɗan daga kan zanen gado yana lalube a iska.

“Kun gani? Addu'arku ce take aiki,” ya ce, ya ja da baya taku ɗaya don hoton ya fito sosai. Hannun ya lalubi iska, bai sami komai ba, ya koma.

Daga nan ya hau kan ɗan. Ya kira shi butulu, ya kira shi asararre, ya ce duk inda yake Allah ya hana shi kwanciyar hankali. Mabiya suka amsa da amin har rubutu ya rufe rabin allo. Wasu suka yi rantsuwa sai sun tono shi sun watsa hotonsa duniya ta tofa masa yawu. Yawan masu kallo ya wuce duk abin da ya taɓa gani, daɗi ya cika shi har sai da ya ciji leɓe don kada murmushi ya kufce.

Bai lura da lokacin da numfashin ya tsaya ba. Sistar ce ya ga ta riƙe wuyan hannun, ta jima, sannan ta cire robar a hankali ta ja zane ta rufe. Ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta ce masa ya kashe wayar haka nan.

Ai kuwa yanzu ne ba zai kashe ba. Ya hango wata 'yar ƙaramar waya mai fasasshen gilashi a jone a bango, ya tambaya. Sistar ta ce ta marigayiyar ce, sai yau aka samo cajar da ta yi mata.

“Sista, don Allah kira shi da wayarta. Idan ya ga lambar uwarsa ai zai ɗaga. Bari ya ji labarin a gaban duniya.”

Ranta bai so ba. Amma ko ba komai dole a sanar da wani kafin a kai gawar ɗakin ajiya. Ta kunna, ta danna lambar, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Ya saita kyamara a kanta, ya ce wa mabiya su yi shiru su saurari muryar mara imani.

Hoton kai-tsaye ya tsaya cak. Wayar da ke hannunsa ta fara rawa, a saman allon kuma ga sunan mai kira ya fito ɓaro-ɓaro: Umma.