Mai Kitso da Jijiyar Bayan Cinya

Sau uku ke nan ina tambayar ki abin da ke damunki kina ce mini ba komai, alhali idonki ya faɗa. Shi ke nan, ba zan matsa miki ba. Amma zauna ki ji wani misali.

An yi wata mai kitso, mace mai jini a jika, shekarunta ba su fi arba'in da biyu ba. Hannunta na da kyau, saboda haka gidanta ba ya rabuwa da mata. Tun hantsi take hawa 'yar kujerarta ta tsuguno, wannan kai ya tashi wancan ya zauna, ba ta miƙewa sai salla. Wata safiya ta ɗauki tsintsiya ta sunkuya za ta yi shara yadda ta saba, ƙafa a miƙe, sai ta ji bayan cinyarta ya ja ta kamar an ɗaura igiya daga ƙugu zuwa bayan gwiwa. Hannu ya ƙi kaiwa ƙasa. Da ta zo ruku'u ma haka. Nan take gabanta ya faɗi, domin mahaifiyarta shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, kuma ita ta yi jinyar shekara shida, ita ke juya ta, ita ke goya ta zuwa bayan gida. Ta kuma tuna cewa tsohuwar ma da ƙorafin ƙafa ta fara. Sai ta yanke wa kanta hukunci ba alƙali ba shaida: gado ne ya biyo ta. Ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta gaya wa ƙawa ba, wai kada baki ya tabbatar da abin. Sai dai ta rufe ɗaki ta riƙa fizgar jikinta ƙasa da ƙarfin tsiya don ta taɓo yatsun ƙafa, gari ya waye cinyar ta fi jiya tsami. Wata huɗu tana haka. Tana yi wa mata kitso tana dariya da su, zuciyarta kuwa na can tana lissafin wanda zai goya ta idan ranar ta zo.

To, cikin masu zuwa kitso akwai wata tsohuwar ungozoma, irin waɗanda hannunsu ya goge wajen yi wa masu jego tausa. Duk sati biyu take zuwa, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafun mai kitson ta ɗora mata gwiwar hannu a cinya kamar tata ce. Rannan an gama, mataji ya faɗi ƙasa, mai kitso ta miƙe ta sunkuya ɗauka, sai ta cije leɓe ta dafa bango. Tsohuwa ba ta da kunyar tambaya. Ta tsare ta da ido har sai da hawaye ya zubo, magana ta biyo baya.

Ungozoma ta sa ta ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta tsaya. Ta mintsine ta a yatsa, ta ce wash. Ta ce ta matse mata hannu, ta matse har tsohuwar ta yi ƙara. Sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ƙafar da za ta mutu ba ta wannan ƙarfi. Zama ne ya ɗaure miki jijiya. Kwanta."

Ta kwantar da ita ruf da ciki, ta gasa mata wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta riƙa bin tsokar da gindin tafin hannu daga bayan gwiwa zuwa sama, inda ta ji ƙulli ta tsaya da babban yatsa har ya saki. Daga nan ta juyar da ita rigingine, ta ɗaga ƙafar a miƙe ta ɗora a kafaɗarta, ta ce ta danna kafaɗar da diddige ta ƙirga goma, sannan ta saki jiki. Duk sakin da ta yi sai ƙafar ta ƙara hawa kaɗan, ba fizga, ba dole. Da mai kitso ta tashi ta gwada sunkuyawa, sai ga hannu ya wuce inda yake tsayawa. Bai kai ƙasa ba, wannan sai da aka yi sati uku ana tausar, tana kuma miƙewa ta zaga tsakar gida bayan kowane kai. Amma 'yar wucewar nan ta ishe ta. Ta zube a tabarma tana kuka tana dariya tana hamdala, ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka. Ranar ta ci tuwo malmala biyu, maigidan yana ta kallon ikon Allah.

Abin da ya fi ba tsohuwar haushi shi ne da ta ƙirga ta ga sau takwas ta zo kitso a cikin watannin nan huɗu. Sau takwas hannun da zai warware matsalar yana ɗore a kan cinyar, mai cinyar kuwa tana sama tana shirya wa kanta kwanciyar shekara shida. Ba na ce kowane ciwo na tausa ne ba, wani sai asibiti. Amma kafin ki yi wa kanki zaman makoki, buɗe baki ki tambayi na kusa da ke. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rashin sani, kaza ta kwana kan dami.