Jan Katako

Shugaban hasumiyar filin jirgin sama ya sake kunna muryar da aka naɗa, karo na huɗu ke nan. Muryar mace ce, a natse, tana ba jirgi izinin sauka. Bayan daƙiƙa arba'in sai ihun matuƙi da rurin inji.

Jiya da hantsi abin ya faru. Jirgi mai fasinja ɗari da sittin ya taho sauka, alhali motar duba titi tana tsakiyar titin jirgin, mutum biyu a ciki. Matuƙin ya hango ta a ƙurarren lokaci, ya ɗaga hancin jirgi ya koma sama. Direban motar ya rantse har zanen tayar jirgin ya gani ta gilashi.

Ba wanda ya mutu, amma wannan bai sanyaya wa shugaban rai ba. Shekara ashirin yana riƙe da hasumiyar nan ba tabo, kuma duk albarkacin doka ɗaya da shi ya kafa. Akwai wani jan katako, tsawon tafin hannu, bakinsa ɗaya siriri. Da zarar mota ta hau titin jirgi, mai ba jirage umarni zai ɗora shi a tebur, gaban makirufo. Muddin yana nan, ba sauka, ba tashi. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace maganarsa: kai yana mantuwa, katako ba ya yi.

Jiya babu katako a teburin. An duba aljihun tebur, an zazzage kwandon shara, ba a gan shi ba.

Matuƙin ne ya fara shigowa ofis, hularsa a hammata. Shugaban bai ko nuna masa kujera ba.

"Kyaftin, a rediyo ɗaya aka ba motar izini. Kunnenka yana ina?"

"Ina kallon allona, ina jiran naku. Aka ce in sauka, na maimaita, aka tabbatar." Ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, laifi tudu ne. Da ban ɗaga kai ba, da yau gawa kake lissafi."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Shugaban ya tashi ya buga ta.

Sai aka kira mai umarnin. Shekara bakwai tana aiki a hasumiya, shi ya koya mata tun daga riƙe makirufo. 'Yar abokinsa ce marigayi, a gida Baba take ce masa. Wannan ne ma ya fi ƙona shi. Gobe za a ce ya ɗaure wa tasa gindi.

"Na ɗora katakon," ta ce. "Motar na hawa na ɗora shi. Na juya duba jirgin da ke ja da baya, na dawo, na ga tebur wayam, na ɗauka motar ta sauka na riga na ɗauke."

"Kin ɗauka. To katakon ƙafa ya yi, ya sauka bene shan iska?"

"Ban sani ba, Baba."

"Nan ba gida ba ne."

Shi kuwa zuciya ta kawo masa wuya. Abin da ya fi ba shi haushi, ba labari aka ba shi ba. Esin hasumiya, na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace tun shekaranjiya. Jiya ya hau benen nan hawa tara, waya a kunne, yana wanke mai gyara tas, ya tarar da ita jiƙe da gumi, ƙofar nan mai rufe kanta a garƙame. Shi da hannunsa ya buɗe mata ita ya tokare don ta samu iska. Sakayyar ke nan.

"Minti biyu kafin abin ina ɗakin," ya ce. "Na gan ki kin ba tebur baya, madubin hangen nesa a ido. Da zan fita na waiga. Babu komai gaban makirufo. Ni ne shaida."

"Idan ka rubuta haka, lasisina ya tafi."

"Da ran mutum ɗari da sittin ya tafi fa?"

Ta cire katin wuyanta ta ajiye a gabansa, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ba ta yi kuka ba. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Kai ka koya mini kada in yi ƙarya a makirufo. Ba kuma yau zan fara ba."

Ya rubuta rahoton cikin minti goma. Sakaci, ƙin bin doka, musun gaskiya. Ya sa hannu a wurin shugaba, ya sake sawa a wurin shaida, ya miƙa wa direban da zai kai hedikwata. Ta taga ya ga motar ta fice daga filin.

Har yanzu fushin bai sauka ba, sai ya hau bene neman wanda zai juye wa. Tun daga hawa na takwas ya ji sanyi yana gangarowa. Ashe an gyara esin, ga ƙofa a wangale, ba wanda ya damu ya rufe.

"Duk kun makance ne? Sai na zo na rufe muku?"

Ya ja ƙofar, ta ƙi motsi. Ya sake ja. Ya ja tsaki, ya kai wa ƙasanta shuri.

Abin da ya tokare ta ya fito, ya gangara har gaban takalminsa: jan katako, bakinsa siriri ya lotse, daga daidai inda ya cusa shi jiya, waya a kunne, ba tare da ya dubi abin da hannunsa ya ɗauka a kan tebur ba.