Ranar da Aka Kwashe Shanyar Marina

Sabi'u ɗana, tun da ba ka zama in yi maka magana, kullum sai ka ce kana sauri, to ga shi na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar bokona. Jiya mai kayan miyar bayan gidanmu ta wuce ni a bakin famfo ko gaisuwa babu. Sai daga baya na ji wai kai ka ɗauke mata faranti a kasuwa saboda kuɗin rumfa. Ni ban hana ka aikinka na karɓar haraji ba, amma tsaya ka ji wani misali da mahaifina ya sha ba mu.

A zamanin Turawa, a wani gari na marina, aka sa haraji a kan kowace rijiyar baba da ke karofi, wato wurin rini. Ba a tsaya nan ba. Baban da aka ɗauko daga ƙauye sai an biya masa a ƙofar gari, turkuɗin da aka rina za a fitar shi ma sai an biya, alhali yadin da kamfanin Bature ke kawowa yana shigowa ba mai ce masa uffan. Mutane suka yi gunaguni, suka biya. Abin da ya rage musu zafi shi ne Baturen da ke zuwa ƙirga rijiyoyin ba ya jure warin karofi. Daga nesa yake tsayawa a kan doki, hanci a toshe, ya ƙirga rijiyoyin da ya hango an kifa wa murfi, ya juya. Marina kuwa in sun ji zai zo, sai su janye murfin wasu, su shimfiɗa kara, su watsa toka a kai, a ce waɗannan sun mutu. Da haka kowa ke samun na tuwo.

Ana nan sai aka ɗauki wani ɗan unguwar aikin karɓar kuɗin, aka ba shi gajeren wando da sanda. A karofin nan ya girma, babu rijiyar da bai san mai ita ba. Shi ba ya toshe hanci. Sai ya ture karan da ƙafa, ya zura sanda, ya shinshina, ya ce wannan da ranta. Har wadda aka bari ta huta sai da ya sa aka biya mata. Wasu marina suka gaji, suka cike rijiyoyinsu da ƙasa suka koma gona. Amma abin da ake nema daga garin bai ragu ba, sai aka ɗora nasu a kan waɗanda suka rage. Uwarsa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta kira shi ɗaki ta ce, "Kai, Bature fa yana da garinsu. Mu nan za a binne mu." Ya ce, "Inna, aikin hukuma ne." Ka ji fa. Kamar hukumar ce ta goya shi.

Wata rana wani tsohon marini ya kasa biya. Yaron nan ya dubi shanya, ya sa aka kwashe duk abin da ke kan igiya, wai jingina. To shi da ya tashi a karofi ai ya sani, kayan da ke hannun marini ba na marini ba ne, amana ce. A cikin shanyar nan akwai rawanin liman, da zanen goyon wata mai jego, da sawayen masaƙa da fatake ke jira, da riga ɗaya tilo ta wani manomi da ke zaune gida ba riga har a gama rini. A da, harajin nan marina kaɗai yake ci, sauran gari na kallo. Ranar nan kuwa harajin ya shiga kowane gida. Kafin la'asar masaƙa sun bar masaƙa, mahauta sun rufe, mata sun fito da taɓare, aka banka wa rumfar masu karɓar kuɗin ƙofa wuta.

Suka nemi Bature, yana can bariki a kan tudu, masu bindiga sun kewaye shi. Suka nemi mai sanda, ashe tun da ya ji ihu ya tsallake katanga ya bi ubangidansa. Wa ya rage? Gidan tsohuwa, ga shi nan a tsakiyar unguwa, danga ce ta kara ko ƙyaure babu. Nan fushin ya sauka. Aka fasa randunanta, aka zubar da kalwar da ta kwana tana dafawa, dutse ya same ta a goshi tana rantsuwa ita ba ta taɓa cin kwabon kowa ba. Da soja suka zo suka kwantar da tarzomar, aka ci unguwar tara, har da ita a cikin masu biya. Ɗan aka mai da shi wani gari, aka ƙara masa girma. Ita kuwa ta zauna da tallarta a ƙofar gida, mutanen da suka ci tuwon sunan 'ya'yanta suna zagayawa ta wani lungu don kada su saya.

Ni ban da bariki, Sabi'u, ban da tudu, ƙofar gidan nan kuwa ka san ko sakata ba ta da ita. Gobe da safe ka mayar wa matar nan farantinta, ka ba ta haƙuri. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa.